Magungunan ganye na wankin ciki da tsaftace jiki: abin da bincike ya tabbatar da abin da masu talla suka ƙara

Masu bin labaran lafiya sun sha cin karo da rahotanni biyu da kamar suna ƙaryata juna. A shekarar 2021, ƙungiyar likitocin ciki da hanji ta Amurka ta sanya man na'a-na'a cikin abubuwan da za a iya bai wa masu lalurar hanji da ake kira IBS, wadda ke zuwa da murɗar ciki da kumburi da rikicewar bayan gida. A 2023 kuma, hukumar kula da magunguna ta Ostareliya ta yi gargaɗi cewa ƙwayoyin kurkur, waɗanda ake yawan sayarwa da sunan gyaran ciki da hanta, kan iya lahanta hantar, ko da yake ba kasafai ba. Wanda ya karanta na farko zai ɗauka likitoci sun sallama wa ganye, wanda ya karanta na biyu zai ɗauka sun haramta shi. A tsakaninsu ga tallan shayin wankin ciki a Facebook da Instagram da TikTok, kowa na rantsuwa nasa ne ke kwashe dattin shekara da shekaru.

Ruɗanin ya samo asali ne daga haɗa iƙirari biyu a kwali ɗaya, alhali ƙarfin hujjarsu ba ɗaya ba ne.

## Iƙirari biyu da ake sayarwa tare

Na farko shi ne taimaka wa narkewar abinci: rage tashin zuciya, kumburin ciki, iska, murɗa, ko taurin bayan gida. Waɗannan alamomi ne da mutum yake ji, ana iya auna su kafin shan magani da bayansa, a kwatanta waɗanda suka sha da waɗanda aka bai wa magani na bogi.

Na biyu shi ne cire guba daga jiki, abin da ake bugawa a kwalaye da sunan ditoks. A asibiti wannan aiki yana da ma'ana ƙayyadajjiya. Akwai guba mai suna, akwai gwajin da ke nuna yawanta a jini, akwai makarinta, akwai kuma lokacin da ya kamata a ba da shi. Wanda ya sha farasitamol fiye da ƙima ana ba shi wani sinadari mai suna asetilsistin, kuma ya fi aiki idan an fara cikin awa 8. Yaron da gubar dalma ta taru a jininsa ana ba shi magani mai kama dalmar ya fitar da ita ta fitsari. Wanda ya haɗiyi wasu nau'o'in guba ana ba shi gawayi na musamman, galibi cikin awar farko. Wanda ƙodarsa ta gaza ana yi masa wankin ƙoda da na'ura.

A kasuwa kuwa ba a cika faɗin sunan gubar ba. A 2009 wata ƙungiyar matasan masana kimiyya a Birtaniya, ƙarƙashin Sense about Science, ta tuntuɓi masu kayan ditoks iri 15 tana neman hujjar abin da suka rubuta a kwalayensu. Ba su kawo hujja ba, ba su ma yi ittifaƙi a kan abin da suke nufi da cire guba ba. A 2015 masu bincike biyu, Klein da Kiat, suka bi rubuce-rubucen da aka yi a kan tsarin abincin ditoks na kasuwa, ba su sami gwaji mai inganci ko ɗaya a kan mutane da ya tabbatar da shi ba.

## Aikin da hanta da ƙoda suke yi

Jinin da ya kwaso abinci daga hanji hanta yake fara bi kafin ya zagaya jiki. A can ake sauya sinadarai masu maƙalewa a kitse su koma masu narkewa a ruwa. Mataki biyu ne: wasu sinadaran aiki da ake kira P450 suna fara sauya siffar abin, sannan a liƙa masa wani abu da zai sa ya fita cikin sauƙi, ko ta fitsari ko ta ruwan maɗaciya zuwa bayan gida. Hanta ce kuma ke juya amoniya, wadda ke fitowa daga narkewar abinci mai gina jiki, zuwa yuriya da ƙoda za ta fitar.

Ƙoda biyu suna tace ruwa kusan lita 180 daga jini a kowace rana, su mayar da kusan duka cikin jiki, su bar lita ɗaya zuwa biyu na fitsari. Wannan aiki bai san dare ko rana ba, kuma ba tara datti gaɓoɓin suke yi kamar rariya da za ta toshe sai an zazzage ta ba: sarrafa abu suke yi su wuce da shi. Idan gazawarsu ta yi tsanani, abin ba ya ɓuya. Ido ya yi shawara, ƙafa ta kumbura, tunani ya rikice, gwajin jini ya nuna. A wannan hali shayi ba ya isa.

Haka batun kashin da ake cewa ya manne a bangon hanji tun shekaru. Fatar cikin hanji tana sabuntuwa cikin kwana 3 zuwa 5, kuma likitocin da ke leƙa hanji da kyamara kullum ba sa tarar da wannan ɓawon. Doguwar aba mai kama da igiya da wasu ke ɗauka hoto bayan sun sha garin wankin ciki takan kasance garin ne da kansa, domin ana haɗa shi da ɓawon iri mai kumbura a ruwa da wata irin laka, su daskare su ɗauki siffar hanjin.

Damuwa a kan guba dai tana da tushe. Dalma da zaiba da ragowar magungunan ƙwari da wasu sinadaran masana'antu suna shiga jikin mutane, wasu su daɗe shekaru a ƙashi ko a kitse. Abin da ya rage shi ne hujjar cewa wani jiƙo ko tsimi yana fitar da su, kuma ita ce babu.

## Daga ina tunanin ya fito

Tsohon tunani ne. Masanin tarihin Girka Herodotus ya ruwaito cewa mutanen Masar na dā kan yi wankin ciki kwana 3 a kowane wata, don sun ɗauka daga abinci cututtuka ke tasowa. Likitancin Girka, wanda ya bi ta hannun Jalinus zuwa Ibn Sina, ya ginu a kan ruwaye huɗu na jiki, jini da balgam da safra da sauda, kuma idan ɗaya ya rinjayi saura sai a fitar da shi ta amai ko zawo ko gumi ko zubar da jini. Likitancin Indiya yana da nasa tsarin na tsarkake jiki.

A ƙarshen ƙarni na 19 likitocin Turai suka sa wa tunanin rigar kimiyya. Suka ce abinci yana ruɓewa a babban hanji, gubarsa ta koma jini, ta jawo ciwon kai da kasala da baƙin ciki da tsufa da wuri. Wani fitaccen likitan tiyata a Landan, William Arbuthnot Lane, ya kai ga yanke wa mutane babban hanji a farkon ƙarni na 20 saboda wannan dalili. Da gwaje-gwaje suka kasa gano gubar, likitoci suka watsar da nazariyyar tun kafin tsakiyar ƙarnin. Kasuwa ce ta ɗauke ta daga inda suka yar.

## To me ya sa mai sha yake jin sauƙi?

Mai amfani da waɗannan magunguna zai ce jiki magayi: ya sha, ya yi bayan gida, cikinsa ya saki, har nauyinsa ya ragu. Ba ƙarya yake yi ba. Fassarar abin da ya faru ce ake saɓani a kai.

Shayin wankin ciki sau da yawa yana ɗauke da sanamaki, ɗan uwan filasko, ko wani ganye mai irin aikinsa. Sinadarinsa yana wucewa ta tumbi da ƙaramin hanji ba tare da ya yi komai ba, sai ya isa babban hanji ƙwayoyin halittar da ke can su farkar da shi. Daga nan ya sa hanjin motsi da ƙarfi, ya hana shi tsotse ruwa, cikin awa 6 zuwa 12 a ruga banɗaki. Abin da ya fita kashi ne da ruwa da gishirin jiki. Abincin kuwa an riga an tsotse shi a ƙaramin hanji tun kafin maganin ya fara aiki, shi ya sa nauyin da aka rasa yake dawowa da zarar an sha ruwa an ci abinci.

Akwai kuma tarko a nan. Bayan zawo mai ƙarfi hanji yakan zama wayam, sai a yi kwana biyu ko uku ba a ji bayan gida ba. Mutum ya ɗauka cushewar ta dawo, ya sake dafa shayin. A haka maganin mako guda yake zama na watanni.

Sannan yawancin tsare-tsaren ditoks suna zuwa da sharuɗɗa: a bar giya, a rage soye-soye da zaƙi, a sha ruwa, a ci ganye da 'ya'yan itace, a kwanta da wuri. Duk wanda ya bi waɗannan mako biyu zai ji daɗin jikinsa ko da shayi ko babu, amma yabon kwalin ne ke kwashe shi.

## Tsirran da suka nuna amfani a narkewar abinci

A wannan ɓangare hujja ta fi ƙwari, da sharaɗin a faɗi wane tsiro, ga wace matsala, a wane awo.

Citta ta fi kowanne samun shaida a kan tashin zuciya, musamman na masu juna biyu, kuma yawancin gwaje-gwajen an yi su ne da kimanin giram 1 a rana. Tana kuma ɗan hanzarta fitar abinci daga tumbi. Man na'a-na'a yana sassauta tsokar hanji, shi ya sa yake rage murɗa. Amma wanda aka gwada a kan masu IBS na cikin kafso ne mai rufi da ba ya narkewa sai ya wuce tumbi, kuma su kansu likitocin da suka ba da shawararsa sun bayyana cewa hujjar ba ta da ƙarfi sosai. Sassautawar nan tana iya shafar ƙofar da ke tsakanin maƙoshi da tumbi, don haka mai ƙwannafi na iya shan na'a-na'a abin ya ƙaru. An kuma gwada haɗin mansa da man karawiya a kan nauyin ciki bayan cin abinci, an ga ɗan amfani.

Ɓawon irin isfagula, wanda ake kira siliyam, yana jan ruwa ya tausasa bayan gida ba tare da ya tsokani hanji ba, kuma yana cikin abubuwan farko da likitoci ke ba mai taurin bayan gida. Sharaɗinsa ruwa mai yawa, in ba haka ba yana iya toshe maƙogwaro ko hanji. Shi kansa sanamaki magani ne na gaskiya, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. A asibiti ana ba da shi a awo sananne, na ɗan gajeren lokaci, galibi bai wuce mako guda ba sai da sanin likita.

Tsiron da aka fi dangantawa da hanta shi ne wata ƙaya da ake ciro sinadarin silimarin daga irinta. A gwajin ɗakin bincike yana kare ƙwayoyin hanta, kuma a wasu ƙasashen Turai ana yin allurar wani sashensa ga wanda ya ci laimar kwaɗi mai guba. Amma da aka gwada ƙwayoyinsa a Amurka a kan masu ciwon hanta nau'in C, sakamakon da aka buga a 2012 ya nuna bai fi maganin bogi ba.

## Inda ake samun cutarwa

Duk abin da aka haɗiya, ganye ne ko ƙwaya, hanta da ƙoda ne za su sarrafa shi, don haka su ne kan gaba wajen jin jiki idan aka yi kuskure. Wata cibiyar bincike a Amurka da ke tattara bayanan waɗanda magani ya lahanta wa hanta ta gano cewa kason da magungunan ganye da na ƙarin kuzari suka jawo ya tashi daga kashi 7 zuwa kashi 20 cikin 100 tsakanin 2004 da 2013.

Awo ne kan gaba a dalilai. Kurkur a girki ba shi ne abin gargaɗin Ostareliya ba. Ƙwayoyin da aka tattara sinadarinsa ne, sau da yawa haɗe da sinadarin baƙin masoro da ke ninka yawan abin da jiki ke tsotsa. Haka koren shayi: shan sa a kofi abu ne, haɗiyar ƙwayarsa wani abu ne daban. A 2018 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce miligiram 800 ko fiye a rana na babban sinadarinsa, idan a ƙwaya ne, yana da alaƙa da alamun lahanin hanta a gwajin jini.

Sai kuskuren tsiro. A farkon shekarun 1990, a wani asibitin rage ƙiba a Brussels ta ƙasar Beljiyam, an musanya wata saiwa ta maganin gargajiyar Sin da wata daga dangin tsiron Aristolokiya saboda kamancin sunayensu a harshen Sin. Mutane fiye da 100, yawancinsu mata, ƙodarsu ta lalace, da dama suka koma wankin ƙoda ko dashe, daga baya aka gano kansar mafitsara da hanyoyin fitsari a jikin wasunsu. Yau sinadarin da ke cikin wannan saiwa yana cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. A Jamaika, tun shekarun 1950 likitoci suka gano cewa shayin wasu ganyayen daji ne ke toshe jijiyoyin hantar yara.

Sai gurɓata da algus. Wani bincike da aka buga a 2004 ya gwada magungunan gargajiyar Indiya 70 da aka saya a shagunan Boston, ya sami dalma ko zaiba ko arsanik a guda 14. Hukumomi a ƙasashe daban-daban sun sha kama shayin rage ƙiba da aka zuba wa sibutramin a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Zawon da ake ɗauka alamar aiki shi ma yana da nasa farashi. Yana zubar da sinadarin fotasiyam da zuciya ke buƙata don bugawa daidai, kuma haɗarin ya fi yawa ga mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari ko maganin zuciya na digozin. Yana iya wucewa da ƙwayar tazarar haihuwa kafin jiki ya tsotse ta. Gawayin da ake zubawa a wasu kayan ditoks ba ya bambance guba da magani, duk wanda ya tarar a ciki kama shi yake yi.

## Me lambar rajista take nufi?

Nan ne masu saye suka fi yin kuskuren fahimta. A Amurka, dokar 1994 ta ɗauki waɗannan kaya a matsayin ƙarin abinci, don haka ba sai kamfani ya tabbatar suna aiki kafin ya sayar ba. Ana barin sa ya rubuta cewa kayansa na tallafa wa hanta, muddin bai ce suna warkar da wata cuta ba, kuma ya ƙara da cewa hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ba ta tantance maganar ba. Hukumar ce ke da nauyin kawo hujjar cutarwa kafin ta hana, kamar yadda ta yi wa tsiron efedra a 2004.

A Tarayyar Turai, dokar 2004 ta buɗe rajista ta musamman ga maganin da aka shafe aƙalla shekara 30 ana amfani da shi, 15 daga ciki a cikin Tarayyar. Ana duba tsafta da inganci da aminci, amma daɗewar amfani ce ke tsayawa a madadin gwajin ko yana aiki. Ƙasashe da dama suna da makamancin wannan tsari. Lambar da ke jikin kwalba a irin wannan hali shaida ce cewa an san mai yin sa kuma an duba wasu abubuwa, ba shaida ba ce a kan duk abin da mai talla ya faɗa.

Talla ma an fara bin sawunsa. A 2020 hukumar kare masu saye ta Amurka ta kai kamfanin shayin Teami ƙara kan iƙirarin rage ƙiba da yaƙar cututtuka ba tare da hujja ba, da kuma biyan shahararrun mutane su yi talla a Instagram ba tare da bayyana a fili cewa biyan su aka yi ba. An yanke masa hukuncin biyan dala miliyan 15.2, aka dakatar da sauran bayan ya biya miliyan 1.

## Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu maganin gargajiya suna kafa hujja da tarihi, kuma tarihin na gaske ne. Digozin daga wani fure aka samo shi, metfomin na masu ciwon suga asalinsa tsiro ne, kuma Tu Youyou ta sami kyautar Nobel a 2015 kan maganin zazzabin cizon sauro da ta ciro daga ganyen da ke cikin tsofaffin littattafan likitancin Sin. Suna kuma cewa rashin bincike ba ya nufin rashin amfani, tunda kamfanoni ba sa zuba kuɗi a gwajin ganyen da ba za su mallaka ba. Da yawa daga ƙwararrunsu ma suna nesanta kansu da shayin intanet, suna cewa masana na dā kan duba mai ciwo, su auna, su kuma san lokacin dainawa.

Likitocin hanta da ƙoda suna amsawa da cewa misalan nan duka sun zama magani ne bayan an ware sinadarin, an san awonsa, an gwada shi, kuma tsiron da ke da ƙarfin warkarwa yana da ƙarfin cutarwa. Daɗewar amfani tana iya tona gubar da ke kashewa nan take, amma ba ta tona wadda ke cin ƙoda a hankali cikin shekaru ba, kamar yadda aka daɗe ana amfani da Aristolokiya kafin a gane.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a tsakiya. Ta amince cewa miliyoyin mutane da maganin gargajiya suka dogara, ta kafa cibiyarsa ta duniya a Jamnagar ta Indiya a 2022, tana kuma neman ƙasashe su yi masa doka su gwada shi. Idan aka tace, saɓanin a kan narkewar abinci na awo ne da inganci, ana kuma iya warware shi da gwaji. A kan cire guba kuwa, har yanzu masu iƙirarin ba su faɗi abin da za a auna ba.

## Abin da ya shafi mai saye

Babbar asara ga mutane da yawa ita ce jinkiri. Ciwon ciki da ƙwannafin da suka ƙi ƙarewa na iya zama gyambon ciki, wanda Barry Marshall da Robin Warren suka nuna cewa ƙwayar cuta ce ke jawo mafi yawansa, kuma ana kashe ta da magani na kimanin mako biyu. Ciwon hanta nau'in B, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ke ɗauke da shi a 2022, yakan yi shekaru ba alama, gwajin jini ne kawai ke nuna shi, kuma yana da rigakafi da maganin da ke danne shi. Kitsen hanta yana raguwa idan an bar giya ko an rage kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki. Watannin da aka ɓata ana wanke hanta da tsimi, cutar ba ta jira.

Masu juna biyu da masu shayarwa, ƙananan yara, tsofaffi, masu ciwon ƙoda ko hanta ko zuciya, da masu shan maganin tsinka jini, su ne suka fi shiga haɗari da haɗin da ba a san abin da ke ciki ba. Kwalin da bai lissafa sunan kowane tsiro da awonsa ba, ko wanda ya yi alkawarin warkar da cututtuka goma da ba su da alaƙa da juna, bai bar wa likita hanyar sanin abin da aka sha ba idan matsala ta taso. Shi ya sa likitoci ke so a zo musu da kwalbar, a kuma faɗi gaskiyar abin da ake sha, musamman kafin tiyata.

Akwai alamomin da ba a tsaya gwada ganye a kansu: jini a bayan gida ko baƙin kashi kamar kwalta, aman jini, wahalar haɗiya, rama ba dalili, sauyin bayan gida da ya wuce makonni musamman ga wanda ya haura shekara 45, da ciwon ciki mai tsanani da ya zo farat ɗaya. Wanda kuma ya fara shan wani haɗi sai ya ga idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu, ko jikinsa na ƙaiƙayi da kasala, ya dakatar da shi nan take ya je a gwada masa hanta.